Yadda Ake Gano Matsalar Ƙafafun Tsohuwar Tarakta da Yadda Ake Gyara Ta

Da wuya tsohuwar tarakta ta yar da ƙafa ba tare da ta daɗe tana ba da alama ba. Kafin abin ya kai ga haka, mai tuƙi zai riƙa jin gurnani daga gefe guda, ko sitiyari ya fara rawa a hannunsa, ko a ga jar ƙura tana fitowa daga ƙarƙashin noti kamar an barbaɗa ta. Taraktoci irin su Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, da Ford 8N ta shekarun 1947 zuwa 1952, har yau suna jan garma saboda ƙirarsu ba ta da sarƙaƙiya, kuma kusan duk abin da ya shafi ƙafafunsu mutum zai iya gyarawa da sifana da guduma da jak mai ƙarfi. Inda aka fi yin asara shi ne wajen gaggawar sayen kaya kafin a san ainihin abin da ya lalace. Ni kaina na taɓa sauya boris biyu na ƙafar gaba, wato zobban nan masu ƙwayoyin ƙarfe da ƙafa ke juyawa a kansu, na ɗaure komai, na sauke jak, sannan na girgiza ƙafar na ji tana nan tana kaɗawa kamar ban taɓa ta ba, domin tun farko ciwon ba a boris yake ba.

Kafin a ɗaga tarakta

A tsayar da ita a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, a kashe injin, a cire makulli, a sa ta a giya, a ja birki, sannan a tokare ƙafafun da za su zauna a ƙasa ta gaba da ta baya. A sassauta notocin ƙafar da za a cire tun tana ƙasa, domin idan ta tashi sama ba za ta tsaya a yi mata ƙarfi ba. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai. Da zarar ƙafar ta bar ƙasa, sai a kafa matokarin ƙarfe ko kauraran katakai a ƙarƙashin aksil, wato ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun hagu da dama. Kada a yi amfani da bulon siminti, domin yakan tarwatse farat ɗaya ba tare da ya tsage a gani ba.

Akwai wani abu da mutane da yawa ke mantawa. Aksil ɗin gaba na tarakta a tsakiya aka rataye shi da ƙusa guda, yana lilo hagu da dama don ya bi tudu da kwari. Saboda haka idan aka cire ƙafar baya ɗaya, nauyi ya koma gefe guda, taraktar tana iya karkata a kan wannan ƙusa ta zame daga kan jak. Maganin abin shi ne a cusa guntun katako tsakanin aksil ɗin gaba da jikin tarakta a ɓangarorin biyu kafin a fara ɗaga baya.

Sai kuma nauyin ƙafar baya. Idan an ɗura mata ruwa, tayar da ba ta fi matsakaiciya ba tana ɗaukar fiye da lita 100, kowace lita kuwa kilo ɗaya ce, ban da nauyin roba da ƙarfe da kuma faifan ƙarfen da wasu ke ɗaurawa don ƙarin nauyi. Mutum ɗaya ba ya cire irin wannan ƙafa. Idan ta fara faɗuwa, a kauce a bar ta ta faɗi, kada a yi ƙoƙarin tare ta.

Girgiza ƙafar gaba

Da an ɗaga ƙafar gaba, kafin a taɓa kowace sifana, a kama taya da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa a girgiza ta ciki da waje, wani kuma ya tsuguna ta ciki yana kallo. Idan taya da hob, wato cibiyar da ake ɗaure ƙafar a jikinta, suna motsi amma ƙarfen da suke juyawa a kansa yana tsaye cak, boris ne ya saki ko ya cinye. Idan kuwa ƙarfen gaba ɗaya yana motsi tare da tayar, har ana ganin doguwar sandar da ta ratsa hannun aksil daga ƙasa zuwa sama tana kaɗawa cikin gidanta, to bushin, wato zoben da ke cikin gidan yana riƙe da ita, shi ne ya ƙare. Bayan haka sai a kama tayar ta gaba da ta baya a sake girgizawa. Motsin da aka ji ta wannan fuska galibi daga kawunan sandar sitiyari yake, wadda makanikai ke kira tayarod. A ƙarshe a juya tayar da hannu a saurara. Boris mai lafiya shiru yake tafiya, wanda ya lalace kuwa yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, kuma idan an ɗora hannu a kan aksil ana jin karkarwarsa.

Wannan gwajin bai fi minti biyar ba, kuma shi ne zai nuna abin da za a kwance.

Gyaran boris

A kowace ƙafar gaba akwai boris biyu, babba a ciki da ƙarami a waje, irin masu kwanciya a karkace cikin zobensu. A cire murfin hob, a miƙe ƙaramin fil ɗin da ya ratsa noti a zare shi da fulaya, a kwance notin mai tsage-tsage a ka, a cire washa, sannan a jawo hob ɗin a hankali a tare ƙaramin boris da tafin hannu kada ya faɗi cikin ƙasa. Babban yana baya, a bayan sil ɗin da ke hana giris fita da ƙura shiga. A wanke komai da kananzir ko dizal a bar shi ya bushe, sannan a duba shi cikin haske. Idan an ga ƙananan ramuka a jikin ƙwayoyin, ko launin shuɗi da ke nuna ya taɓa ɗaukar zafi, ko wani layi da farce ke iya ji a cikin zoben, a sauya shi. Kuma a sauya boris tare da zobensa, domin sabon boris a kan tsohon zobe ba ya kai ko'ina. Ana fitar da tsohon zoben ta hanyar bugunsa daga baya da sandar ƙarfe, ana zagayawa kaɗan-kaɗan, sabon kuma a shigar da shi daidai ba a karkace ba, har sai sautin guduma ya canza ya nuna ya zauna.

Sa giris yana da ƙa'ida. Ba shafawa ake yi a waje ba. A zuba giris a tafin hannu, a riƙa danna faffaɗan gefen boris ɗin a ciki har sai an ga giris yana ɓullowa ta ɗaya gefen a zagaye duka. A sa sabon sil, domin tsohon da wuya ya fita lafiya, a kuma sa ɗan giris a cikin hob ba tare da an cika shi maƙil ba.

Ɗaure notin shi ne wurin da aikin ke kyau ko ya ɓaci. A riƙa ɗaurewa ana juya tayar da ɗaya hannun har sai an ji ta fara nauyi, wannan yana zaunar da boris ɗin a mazauninsa. Daga nan a dawo da notin baya kaɗan, gwargwadon tsaga ɗaya, har ramin fil ya bayyana. Abin da ake nema shi ne taya ta juya sumul ba tare da kaɗawar da hannu zai ji sosai ba. Idan ramin bai zo daidai ba, gara a sassauta zuwa tsaga ta gaba da a ƙara matsewa, domin boris ɗin da aka shaƙe yakan yi zafi ya narkar da giris ya ƙone cikin ɗan lokaci. A sa sabon fil, kada a maye gurbinsa da ƙusar kafinta. Bayan an yi aiki na kamar rabin sa'a, a taɓa hob ɗin: ɗumi ba laifi ba ne, amma idan hannu ba ya iya zama a kai, an matse da yawa.

Idan bushin ne ya ƙare, sai an kwance hannun sitiyari daga sama an zare sandar ta ƙasa, a fitar da tsofaffin bushin biyu, a shigar da sababbi, a kuma sauya ƙaramin boris ɗin ƙasa wanda nauyin gaban tarakta ke zaune a kai. A wasu taraktocin sai an ɗan rarake sabon bushin da na'urar da aka yi don haka kafin sandar ta shiga. Sitiyarin da ya yi tauri sau da yawa daga nan matsalarsa take, musamman idan an shekara ba a buga giris ta ɗan bakin shigar giris da ke wurin ba.

Bayan duk aikin da ya taɓa sitiyari, a auna tsayuwar tayoyin gaba. A miƙe su, a yi alama da alli a tsakiyar kowace taya ta gaba daidai tsayin hob, a auna tazarar da ke tsakanin alamomin biyu, sannan a tura taraktar gaba har tayoyin su yi rabin juyi, alamomin su koma baya, a sake aunawa. A yawancin taraktoci masu ja da ƙafafun baya kawai, awon gaba ya kamata ya gaza na baya da kimanin milimita 3. Ana daidaita shi ta hanyar ƙara ko rage tsawon tayarod. Tayar da ke cinyewa ta gefe guda, sau da yawa wannan awon ne ya kauce.

Notoci, ƙusoshi da rim

Jar ƙurar nan da ke fitowa daga ƙarƙashin noti alama ce ta ƙarfe yana gogar ƙarfe, wato notin ya saki. Idan aka bar shi, ramin da ƙusa ke shiga a faifan tsakiyar ƙafar zai tashi daga zagayayye ya koma kamar ƙwai, daga nan kuma duk yadda aka ɗaure ba zai riƙe ba, sai tsaga ta fara tafiya daga rami zuwa rami. A cire ƙafar, a goge faifan da burushin waya, a duba kewayen kowane rami da kyau. Faifan da ramukansa suka buɗe ko ya tsage a tsakaninsu, a ganina sauyawa ya fi, domin walda a wannan wurin ba ta cika jure jijjigar gona ba. Ƙusar da zarenta ya mutu ko ta miƙe ana buge ta ta fita ta baya a sa sabuwa, kuma idan guda ta karye, a zargi maƙwabtanta biyu, domin su suka ɗauki nauyinta tun daga ranar da ta karye.

Wajen mayarwa, fuskar hob da ta faifan su kasance ba laka ba tsatsa ba kaurin fenti, domin duk abin da ya shiga tsakaninsu zai murmushe daga baya ya bar noti a sake. Idan notin mai tsini ne a gefe guda, gefen tsinin ne ke shiga ramin. A ɗaure su ana tsallakawa daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen, zagaye biyu ko uku, ana ƙara ƙarfi a kowane zagaye, a kammala bayan an sauke tarakta ƙasa. Littafin kowace tarakta ya faɗi ƙarfin ɗaurin da ya dace, na baya kuma ya ninka na gaba nesa ba kusa ba. A sake bin su da sifana bayan aikin sa'o'i kaɗan, sannan a sake bayan kwana ɗaya ko biyu. Haka nan ƙusoshin da suka haɗa faifan da rim ɗin baya, wato zoben ƙarfen da taya ke zaune a kai, waɗanda ake kwancewa idan za a sauya faɗin tarakta. A ƙananan taraktocin Ferguson da Ford ana iya kai faɗin baya daga inci 48 zuwa 76, ana ƙara inci 4 a kowane mataki, ta hanyar juya faifan da sauya mazaunin rim. Wasu matakan sai an musanya ƙafar hagu da ta dama, dalili kuwa shi ne haƙoran taya su ci gaba da fuskantar inda ya kamata: idan aka kalli tayar daga sama, tsinin zanen yana nuna gaba, yawanci ma akwai kibiya a gefen tayar.

Wani lokaci a kwance notoci duka amma ƙafar ta ƙi rabuwa da hob saboda tsatsa ta haɗe su. A mayar da notocin a bar su a sake da zagaye biyu, a fesa man sassauta tsatsa a mahaɗar, a jira, sannan a jingina katako a gefen rim ta ciki a buga da babbar guduma ana juya ƙafar. Notocin da aka bari su ne za su tare ta idan ta saki.

Tsatsar rim ɗin baya kusan kullum daga ramin bawul take farawa. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa, an daɗe ana haɗa ruwan taya da gishirin kalsiyam kulorayid don kada ya ƙanƙare kuma ya ƙara nauyi, wannan gishiri kuwa da ya sami ɗan yoyo sai ya ci ƙarfe. Tarakta da yawa da aka saya a hannu suna tafe da shi a ciki ba tare da mai su ya sani ba. Idan tif ya riƙa fashewa ba a ga ƙaya ko ƙusa a taya ba, a cire tayar a shafa cikin rim da hannu. Ɓawon tsatsa ne ke huda shi daga ciki. A kankare shi har farin ƙarfe ya fito, a wanke da ruwa mai yawa, a busar, a shafa fentin hana tsatsa a bar shi ya bushe sarai. Idan kewayen ramin bawul kaɗai ya ruɓe, mai walda zai iya toshe shi da ƙarfe ya goge ya yi sumul, a huda sabon rami a wani wuri mai lafiya. Amma idan bakin rim, inda leɓen taya ke zama, ya yi siriri ko ya huje, wannan rim ɗin ya gama aiki.

Ba a taɓa kai wuta ko walda jikin rim alhali taya tana kai, ko da an sace iskar duka. Zafin yana sa robar ta fara ruɓewa daga ciki tana fitar da iska mai kamawa, matsin ya hau cikin sauri, tayar ta fashe, wani lokaci bayan an ajiye kayan walda an ɗauka an gama. An rasa rayuka ta wannan hanya.

Taya da iska

Lambar da ke gefen taya, misali 12.4-28, tana nufin faɗinta inci 12.4 ne, rim ɗinta kuma inci 28. Ta gaba sau da yawa 6.00-16 ce. Tayoyin da ke kan aksil ɗaya su zama girma ɗaya kuma ƙira ɗaya. Ƙananan tsage-tsagen rana a gefen tsohuwar taya ba sa hana ta aiki, amma idan ana hango zaren ciki ko gefen ya kumbura, kwananta ya ƙare. Yankan da bai yi girma ba ana iya yi masa faci mai kauri ta ciki don kada ya ciji tif.

Idan da ruwa a ciki, a ɗaga ƙafar, a juya bawul ya koma ƙasa a zare cikinsa ruwan ya fita, kuma idan mai gishiri ne a tare shi a mazubi, kada ya malala inda ake shuka. Wajen mayar da taya, a shafa ruwan sabulu a leɓenta, ba man inji ba, domin mai yana lalata roba. A ɗan hura tif ya ɗauki siffarsa kafin a gama shigar da leɓe na biyu, don kada ƙarfen ɓanɓare taya ya tsunkule shi. Wajen hura iska a tsaya a gefe, ba a gaban tayar ba, da dogon tiyo, kuma kada a wuce PSI 35 a ma'aunin matsin iska don neman leɓen ya hau. Idan bai hau ba a sace iskar, a sake shafa sabulu, a sake gwadawa. Da ya zauna sai a rage zuwa awon aiki. Tayar baya galibi tsakanin PSI 12 da 18 take aiki, ta gaba kuwa ta fi haka, kusan ninki biyu. Iskar da ta yi yawa tana sa taya ta riƙa sulɓi tana cinye tsakiyarta, wadda ta yi kaɗan kuma tana karya gefe, har takan sa tayar ta zame a kan rim ta tsinke bawul. Idan za a mayar da ruwa, a juya bawul ya koma can sama, a ɗura har ruwan ya kai bakinsa, wato kashi 75 cikin 100, sauran a bar wa iska don tayar ta riƙa lotsawa.

Mai a cikin ƙafar baya

Idan aka ga baƙin danshi yana gangarowa ta cikin ƙafar baya, birkin wannan gefen kuma ya daina kamawa, sil ɗin aksil ne ya mutu, man giya yana zuba a kan fatar birki. Kafin a kwance komai a duba ko man giya ya wuce alamarsa, domin cika shi fiye da kima yana tura shi ta sil ko da mai sauran rai ne. Fatar birkin da ta sha mai ba ta wankuwa. Ko an wanke ta da fetur, da ta yi zafi man zai sake tsattsafowa, saboda haka a sauya ta, kuma a sauya ta ɓangarorin biyu tare don birkin ya kama daidai.

A taraktocin Ferguson masu birkin durom, sai an zare sandar aksil gaba ɗaya tare da gidan boris ɗinta. Wani zoben ƙarfe ne ke riƙe da boris ɗin, wanda aka zafafa aka zura ya huce ya kama. Ana huda shi da na'ura a fasa shi da kurfi, sabon kuma sai an zafafa shi kafin ya shiga. Wanda ba shi da matsi na ƙarfe gara ya kai sandar wurin makaniki a yi masa wannan ɓangaren. Abin da zai kula da shi da kansa shi ne siraran faifan da ke tsakanin gidan boris da jikin aksil. A ƙirga su, a ɗaure su da waya a ajiye, domin su ne ke ƙayyade 'yar tazarar da ke tsakanin sandunan hagu da dama, tazarar da ba ta kai rabin milimita ba. Bayan an mayar da komai, a ɗaga ƙafafun baya biyu, a cire giya, a juya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta juya ta kishiyar fuska, akwai tazara. Idan kuwa suka juya fuska ɗaya tare, kawunan sandunan sun dunguri juna, sai an sake kwancewa an ƙara faifai.